Wai Shin "Yi Tayi" Ciniki Ne Ko Tarko?

Yau magana ce a kan tsofaffin agogunan hannu, da yadda ake raba mutanenmu da su da sunan ciniki.

A Salka, cikin ƙaramar hukumar Magama ta masarautar Kontagora, kamar sauran garuruwan ƙasar nan, gidaje da dama na da tsohon agogo a ƙasan adaka. Wani tsarabar Makka ce, wani kuma soja ne ya dawo da shi bayan yaƙin basasa a 1970, wani da kuɗin Udoji aka saye shi. Irin su Seiko 5 da aka fara yi a 1963, da Rado, da Oris, da Roamer, masu wani ba masu batir ba. Tun da Seiko ya fito da agogo mai batir a ƙarshen 1969, sannan irin su Casio F-91W na 1989 suka cika kasuwa da araha, sai muka jefar da na iyayenmu. To, a ƙasashen Turai waɗannan da muka raina su masu tara kayan tarihi ke nema. A 2017 an sayar da Rolex Daytona na ɗan wasan Amurka Paul Newman a birnin New York a kan dala miliyan 17 da ɗoriya.

Kada kowa ya ruɗe. Yawancin abin da ke gidajenmu ba zai kai ko kusa ba, don Seiko 5 an buga shi bila adadin. Amma wanda ya san bambancin mai daraja da maras daraja shi ne mai saye, magajin da ke riƙe da agogon bai sani ba. A nan gizo ke saƙar.

Al'adarmu ita ce mai kaya ya ce yi tayi, a taya, ya ce albarka, a ƙara, har ya sallama. Wannan ya dace da buhun masara ko bijimi, don kowa a kasuwa ya san farashin ranar. Amma agogon da babu mai irinsa a duk garin, da me mai shi zai auna tayin? Mai saye zai juya shi, ya taɓe baki, ya ce ai ya mutu, taimako kawai zai yi. Ya ba da kuɗin cefanen kwana biyu, ya kai birni ya ninka. In ka yi magana ya ce ai an sallama masa. Sallamar wanda aka rufe wa ido sallama ce? Shari'a ta hana tarar fatake a hanya kafin su san farashin kasuwa, kuma dalilin hanin shi ne wannan.

Masu sayarwa ma ba su tsira ba. Na zauna cikin masu wannan harka a waje, kuma abin da ya burge ni shi ne mai kaya ke fara faɗin kuɗinsa a fili, ya lissafa aibin kayan: an sake fentin fuska, an musanya inji, gilashin ba na asali ba ne, yana lattin minti kaza a rana. Wanda aka kama ya ɓoye, sunansa ya ɓaci ke nan. Mu kuwa da addininmu ya wajabta bayyana aibi, sai mai gyara ya haɗa gangar jikin wannan da injin wancan ya rantse gangariya ne. Ga dillali mai cin la'ada baki biyu, ga abokin da ake kawowa ya yi tayin ƙarya don farashi ya hau, wato najashi, wanda shi ma haramun ne.

Wani zai ce sanin nasa jari ne, dole ya ci riba. Na yarda, riba halal ce. Amma ka faɗa wa mai kaya abin da ke hannunsa, sannan ka taya. Mai agogo kuma kada ya sallama a zaman farko, ya nuna wa masu gyara biyu ko uku a Kontagora, a buɗe bayan a ga injin. In kayan gado ne, sai duk magada sun sani.

Allah ya sa mu gyara, amin.