Tarar jinkirin biyan bashi: wa ya yanka wa'adin?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisun Gumel da rumfunan kasuwar Maigatari, duk lokacin da aka ji wani ya faɗa hannun masu bashin waya. Sai ka ji an ce shi ya ja wa kansa, ai da idonsa ya ga wa'adi, in da ya biya a kan lokaci da ba wanda zai ci shi tara. Har da masu ƙarawa da cewa tarar nan ita ce ke koya wa mutanenmu cika alkawari. Na ƙi wannan magana, kuma ina ganin yawan maimaita ta ne ya sa masu cin tarar suke barci da minshari.

A Amurka, inda katin bashi ya zama tamkar kuɗin aljihu, hukumar da ke kare masu hulɗa da bankuna ta lissafa cewa a shekarar 2022 kamfanonin kati sun tara sama da dala biliyan 14 daga tarar jinkiri kaɗai. A watan Maris na 2024 ta yi doka ta rage tarar daga kimanin dala 32 zuwa dala 8, bisa hujjar cewa abin da ake karɓa ya ninka ainihin ɗawainiyar bin bashin. Bankuna da 'yan kasuwa suka garzaya kotu a jihar Texas, kuma a watan Afrilu na 2025 aka soke dokar. Wanda burinsa kawai a biya shi a kan kari ba zai ɗauki lauyoyi don kare tara ba. Ana kare ta ne saboda riba ce, riba mai tsoka.

Mu nan katin bashi bai samu gindin zama ba. Abin da ya shigo mana shi ne manhajojin rance a cikin waya: ka ba da lambar BVN, a turo maka kuɗi kafin shayinka ya huce, a ba ka sati biyu ko wata guda. Sabon abu ne a ido, amma tsohon hali ne. Manomin Gagarawa ya daɗe da sanin mai kuɗin da ke ba shi rance da damina, a kan buhun riɗi da kaka, a farashin da mai kuɗin ya ga dama.

To mu duba wa'adin nan da ake ta cewa mutum ya gani da idonsa. Wa ya yanka shi, kuma da kalandar wa? Manomin riɗi a Sule Tankarkar yana kashe kuɗi tun daga shuka, ga noma, ga maimai, ga maganin feshi, ba ya ganin sisi sai an yi yanka an kakkaɓe, wajen watan Oktoba. Mai zoborodo sai ya ƙara jira bayan wannan. Mai turka raguna Babbar Sallah yake hari. Dillalin dabbobi a Maigatari kuwa, mako gaba ɗaya rana ɗaya ce a wurinsa, Alhamis; in kasuwa ta ci ya samu la'ada, in ba ta ci ba sai wata Alhamis. Manhajar da aka ƙera a Legas don mai albashin ƙarshen wata ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wa'adinta na iya faɗowa ranar Talata, da ƙarfe goma sha biyun dare tara ta hau, alhali kuɗin mutumin yana tsaye da ƙafa huɗu a turke yana jiran jibi. Duk wanda ya ba irin wannan mutum bashin kwana goma sha huɗu ya san zai makara, kuma da makarar aka yi lissafin ribar tun farko.

Ga kuma abin da ba ya hannun kowa a cikinmu. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa mutum na da dabbar sayarwa, mai saye na tsaye, amma babu takardar kuɗi a gari. Ɗan kasuwar da cinikinsa ya dogara da baƙi daga Damagaram, a wane ɗayan waɗannan lokuta ne ya yi sakaci?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ma'aunin ya karkace. Bisa ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta 2020, idan ka biya kuɗi ta POS aka cire maka bai shiga ba, banki na da sa'o'i 72 kafin ya warware matsalar. Kowa a nan ya san wahalar sabis, ya san tsayuwa gaban mai POS ana ta gwadawa. Banki ya riƙe kuɗinka kwana uku, ba ya biyan ka ko kwabo. Kai kuwa ka makara da dare ɗaya, wani lokaci ma saboda wannan kuɗin da ya maƙale, an hau ka da tara. Ma'aikacin da albashinsa ya yi jinkiri, wa ya taɓa biyan sa diyya?

Kuma doka ta san tarar na da iyaka. Jadawalin cajin bankuna na Babban Banki ya ƙayyade tarar jinkiri a kan bashin naira da cewa kada ta wuce kashi 1 cikin 100 a wata na abin da ba a biya ba. Akwai manhajojin da ke lissafa tasu da kwana. A ce ana bin ka naira 50,000, aka ɗora maka kashi 1 a kullum: naira 500 ke nan kowace safiya, 15,000 a wata, inda ƙa'idar banki ta ce 500. Ninki talatin. Da yawa daga cikin manhajojin suna zamewa ne saboda ba lasisin banki gare su ba.

Ba a kuɗi kaɗai tarar ke tsayawa ba. A 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 saboda aika saƙonni ga mutanen da ke cikin wayar masu bashi. A 2022 hukumar kare masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu masu rancen a Legas, daga baya ta tilasta musu yin rajista. A garin da kowa ya san gidan kowa, saƙo ɗaya zuwa wayar suruki ko limamin unguwa ya fi asarar naira dubu goma ciwo.

Na san abin da za a ce: akwai masu taurin bashi. Ƙwarai akwai su, kuma addini bai raga musu ba, domin hadisi ya kira jinkirin mai hali zalunci. Amma shari'ar da ta faɗi haka ita ce ta raba mai hali da wanda ke cikin ƙunci, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a saurara wa na biyun har ya samu sauƙi. Ƙara wa mutum kuɗi don wa'adi ya cika bai biya ba, shi ne ainihin ribar jahiliyya da aka saukar da ayoyi a kanta. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta hana ɗora ƙari a kan wanda ya makara da biyan kason bashi. Malaman da suka yi sassauci ga bankunan Musulunci, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, sun gindaya sharaɗin cewa tarar sadaka za a yi da ita, ba ta shiga aljihun banki. Hikimar a fili take: ranar da mai ba da bashi ya fara cin moriyar makararka, ya daina fatan ka biya da wuri. Manhaja ba ta tambaya ko kai mai hali ne ko ambaliya ce ta cinye gonarka. Abin mamaki, mutanen da ba za su yarda su ci ruwan bashi da bakinsu ba su ne ke cewa tara daidai ce.

Ga wanda larura ta kai shi, akwai abin yi. Kafin ka danna amincewa, nemi inda aka rubuta tarar, ka ga da kwana ake lissafa ta ko da wata. Ka duba ko sunan kamfanin na cikin jerin waɗanda FCCPC ta yi wa rajista. Kada ka karɓi wa'adin da zai cika kafin ranar kasuwarka ko kafin kaka, kuma kada ka ci sabon bashi don rufe tsoho, nan ne mafi yawa ke nutsewa. In adashi ko ƙungiyar manoma za su iya, su suka fi.

Sai dai wannan nasiha ba ta ɗauke wa hukuma nauyi ba, kuma ita ce ake fakewa da ita. Lasisin masu ba da rance da ba bankuna ba hurumin jihohi ne. Majalisar dokoki da ke Dutse na da ikon ƙayyade tarar jinkiri, ta wajabta kwanakin rangwame, ta hana tara ta zarce uwar kuɗi, ta kuma ce duk bashin da aka ba manomi a ɗaure wa'adinsa da kaka. 'Yan majalisar da ke wakiltar Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar su ya kamata su fara kai wannan ƙuduri, domin mutanensu ne ke samun kuɗi sau ɗaya a mako ko sau ɗaya a shekara.