DAGA ALLON MALAM: Ƙwan da ke rataye a ɗakin yara

A wannan watan zan ɗan ajiye zancen jarrabawa, in ɗaga kai in dubi abin da ke rataye a bisa kan yaranmu idan dare ya yi.

Abin da ya jawo maganar wani yaro ne a ajina. Rubutunsa na cikin aji tsaf yake, amma aikin gida sai ka ce kaza ta yi tono, layi na hawa kan layi. Sau biyu ina yi masa faɗa. Ran nan bayan isha'i na je duba mahaifinsa da ba ya jin daɗi, sai na leƙa ɗakin yaran. Gida ne irin tsofaffin gidajenmu na zango a nan Kumasi, ɗakuna kewaye da tsakar gida, rufin kwano, babu silin. Ƙwai ɗaya ne tak a maƙale can jikin katakon rufi, fanka tana juyawa a ƙasansa, haske yana ta walƙiya a bango. Shi kuwa yaron ya ba ƙwan baya, inuwar kansa ta rufe littafin ruf. Wallahi na ji kunyar faɗan da na yi masa.

Likitocin ido sun ce karatu a duhu-duhu ba ya nakasa ido, amma yana gajiyar da shi, ya kawo ciwon kai, yaro ya ture littafi ya kwanta. A wurin malami wannan ma hasara ce babba.

To, amma kafin a je kasuwa sayen ƙwai, a fara duba waya. Yawancin gidajen nan ba da lissafin lantarki aka gina su ba, daga baya ne aka ja waya a kan bango da cikin rufi, wannan ya ƙara, wancan ya jona, aka naɗe da salatif. Zafin kwano yana busar da robar waya har ta farfashe, ɓeraye su ƙarasa saura. Idan mariƙin ƙwan ya yi baƙi, ko makunni yana zafi ko yana ƙara, ko kana jin ƙaurin roba, to ba ƙwai ne matsalarka ba. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, tana kisa, ba abin da za a bar wa ɗan maƙwabci mai sukuddireba ba ne. Akwai dokar da ta ce wanda Hukumar Makamashi ta ba shaida shi kaɗai zai ja waya a gida, saboda haka ba rashin kunya ba ne ka ce wa mai gyara ya nuna maka katinsa. Ka kuma tambaye shi ko layin fitilar yana da waya ta uku, wadda ke kai wuta ƙasa. A tsofaffin gidaje sau da yawa biyu ce kawai. In haka ne, kada a saka fitila mai jikin ƙarfe komai kyanta, a sayi ta roba.

Sai ƙwan kansa. Manya za su tuna 2007, lokacin da ruwan Akosombo ya ja baya ƙwarai, gwamnati ta raba ƙwayaye miliyan 6 masu murɗaɗɗen gilashi kyauta, a 2008 kuma aka hana shigo da tsohon ƙwai mai zare. Mai murɗin nan ya yi mana rana, amma ni ban yarda da shi a ɗakin yara ba. Gilashi ne sirit, kuma akwai ɗan sinadarin zaiba a cikinsa, ga yara ba sa rabo da jifa da matashi da ƙwallo. In ya fashe, a fitar da su, a buɗe taga, a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, ba da tsintsiya ba. Ƙwan LED shi ne daidai: murfinsa roba ne, ba ya zafin ƙona gidan sauro kamar na da, wuta kaɗan yake ci.

Wurin saye ne mutane suka fi ruɗewa, don har yanzu da wat muke ciniki. Wat yana faɗin wutar da ƙwai ke ci ne kawai. Haske kuwa da lumen ake auna shi, ana rubuta lm a jikin kwali. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da lumen 800 ko kusa da haka, LED mai wat 9 ma haka yake bayarwa. A ganina lumen 800 zuwa 1,000 ya ishi ɗaki madaidaici. Akwai kuma wata lamba mai harafin K a ƙarshe. 6500K shi ne farin nan fat mai ɗan shuɗi da ya cika kasuwa, wanda muke so don ya fi kama da "wuta sosai". Ya dace da shago da tsakar gida. Amma ɗakin yara nan ne wurin barci, kuma farin haske mai ƙarfi da dare yana jinkirta barci, ya fi kuma tara ƙwari. Ni na fi son 3000K mai ɗan ja-ja, in kuma ɗakin shi ne wurin karatu, 4000K ya raba gardama. Kada a manta a tafi da tsohon ƙwan kasuwa, don gindi iri biyu ne: mai kunnuwa biyu da ake dannawa a murɗa, wato B22, da mai zare irin na murfin kwalba, E27.

Inda za a rataye shi ya fi duk wannan muhimmanci. Ƙwai kada ya zama a bisa fukafukan fanka, wannan walƙiyar ita ce ke juya wa yaro kai. A matsar da shi gefe, ya wuce bakin fukafukan. In akwai gado mai hawa biyu, ka hau na saman da kanka ka miƙa hannu: in ka taɓo ƙwan, to yaro ma zai taɓo shi, kuma zai gwada cire shi ya ga abin da ke ciki. Inda akwai silin, faffadar fitilar nan mai kama da faranti da ake mannawa ta fi, ba ta reto, ba a kamo ta. Inda babu silin, a sauko da ita jikin bango, ta yi nisa da kwano, domin zafi ne ke kashe LED da wuri. Haka ma ƙwai mai batir a ciki, wanda muka saba da shi tun dumso na 2012 zuwa 2016, batirinsa ba ya shiri da zafin rufi.

Na san abin da wasu za su ce: Malam, mita ɗaya ce a gidanmu, ƙwayaye ake ƙirgawa wajen raba kuɗin wuta, in na ƙara fitilar karatu an ƙara mini kaso. Gaskiya ne, amma wannan lissafin na zamanin tsohon ƙwai ne. Mai wat 60 in ya yi awa 5 kullum, yunit 9 yake ci a wata. LED mai wat 9 bai kai yunit ɗaya da rabi ba. Ya kamata masu gida da 'yan haya su zauna su sake ƙirgen, a daina auna fitilar ɗalibi da ma'aunin dutsen guga.

Shi yaron nawa, da mahaifinsa ya samu sauƙi ya kira mai gyara. Aka tarar da jonin waya uku a cikin rufin, ɗaya har ya fara narkewa. Aka canja layin, aka sauko da ƙwan jikin bango ta hagun teburinsa, tunda da dama yake rubutu. Aikin gidan da ya kawo mini makon jiya yana kan layi, sai dai lissafin ne har yanzu muke fama.