Kuɗin mota ba shi ne shirin tafiya ba

Jama'a, sunan unguwarmu kaɗai ya isa shaida cewa mu ba baƙin tafiya ba ne. A nan Zango ayarin fatake daga Agadas, Gat da Tarabulus suke sauke kaya, a wajen ganuwar Birni. Amma waɗancan mutane ba su shiga Sahara da ka ba. Akwai madugu, akwai jagaba da ya san rijiyoyi, an san kwana nawa ne tsakanin ruwa da ruwa, an san mai masauki a can. Yau fa? Mutum ya sayar da akuya ko ya jinginar da gona, ya haɗa kuɗin mota, shi ke nan wai ya shirya.

Mun ga inda wannan ya kai mu. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocin da suka ɗauko su daga Arlit sun lalace. Yara 52, mata 33, maza 7, akasarinsu ƴan yankin Kance ne, nan jiharmu ta Damagaram. Ƙishirwa ta kashe su.

Wasu na cewa a hana tafiyar kawai. Ai an gwada. Dokar 2015-36 ta sa an kama direbobi an ƙwace motoci, amma mutane ba su daina fita ba, sai dai suka koma ɓarauniyar hanya mai tsada da haɗari. A Nuwamban 2023 aka soke ta. Hanya ta buɗe, amma har yanzu Aljeriya na jibge waɗanda ta koro a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kusan kilomita 15 a ƙasa zuwa Assamaka. Wanda damina ta ci amanarsa ba wa'azi zai tsayar da shi ba. Abin da za mu iya shi ne kada ya tafi a makance.

To, mene ne shirin? Takardu tukuna: takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, fasfo, katin rigakafin shawara. Ka ɗauki hotonsu a salula, ka bar kwafi a gida. Nijar ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025, saboda haka ka tambayi takardar da ake karɓa a iyaka yau, kada ka dogara da labarin wanda ya je shekara biyar da suka wuce. Ƴar'uwa mai shirin aikatau a Saudiyya, kada ki sa hannu a kwantiragin da ba a karanta miki shi da Hausa ba: nawa ne albashi, wane gari, wa zai biya jirgin dawowa? Fasfonki naki ne, ba na dillali ba. Kowa ya haddace lambar waya biyu a ka, don salula ana ƙwace ta. Ka san inda ofishin jakadancin Nijar yake. Sannan don Allah a bar yara a lakkwal, ba guzuri ba ne su.

Nauyin ba na matafiyi kaɗai ba ne. Muna kira ga magajin garin Damagaram da ya sa teburin bayani kyauta a tashoshin mota. Gidajen rediyo su ba waɗanda aka koro fili su faɗi abin da suka gani da bakinsu. Limamai da masu unguwa su yi maganar a fili, fada ta sa baki. Ku kuma iyaye, kafin ku sa albarka ku yi tambaya: ina za ka, wurin wa, da wace takarda? Matambayi ba ya ɓata. In babu amsa, a dakata tukuna.