Sharhi: Wankin Mota Ba Da Ruwa Ba, Riba Ce Ko Asara Ga Fenti?

A 'yan shekarun nan wata sabuwar haja ta samu gurbi a shagunan sayar da kayan mota na manyan biranen ƙasar nan, tun daga Legas da Fatakwal har zuwa Abuja da Kano. Hajar kuwa ita ce wani ruwan sinadari da ake ɗurawa a kwalbar feshi, wanda masu tallarsa ke cewa yana wanke mota tsaf ba tare da an ɗebo ko da bokiti guda na ruwa ba. A fesa a jikin mota, a goge da tsumma, shi ke nan aiki ya kammala. Ga mazaunin unguwar da famfo ke yin makonni bai kawo ruwa ba, wanda ya dogara da 'yan garuwa ko rijiyar burtsatse, wannan albishir ne mai daɗin ji. Sai dai tambayar da ke bakin masu motoci da dillalai ita ce, shin fentin mota zai tsira daga wannan sabon salo, ko kuwa garin neman gira za a rasa ido?

Tambayar ta wuce batun kwalliya, domin ga mafi yawan 'yan Nijeriya mota jari ce, kuma sau da yawa ita ce kadara mafi tsada bayan gida. Tun bayan da aka sakar wa naira mara a kasuwar canji cikin watan Yunin 2023, farashin motocin da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabo, haka nan farashin fenti da sauran kayan gyara. A kasuwar motoci kuwa, abin da idon mai saye ke fara sauka a kai shi ne fenti. Motar da ke ɗauke da fentinta na asali tana da daraja ta musamman, wadda kuwa aka sake wa fenti takan jawo zargin cewa ta taɓa yin haɗari, sai kuɗinta ya faɗi. Saboda haka duk abin da zai dusashe fenti, ya taɓa aljihun mai mota kai tsaye.

Wannan salon wanki ya samu karɓuwa ne a wuraren da fari ya tilasta wa hukumomi taƙaita amfani da ruwa. A lokacin dogon farin da ya addabi Ostareliya, hukumomin birnin Malbon sun hana wanke mota da ruwan famfo a gida a shekarar 2007, in ban da gilashi da madubi da fitilu. A jihar Kalifoniya ta Amurka, Gwamna Jerry Brown ya ba da umarni a 2015 cewa birane su rage ruwan da suke amfani da shi da kashi 25 cikin 100. A Afirka ta Kudu kuma, a farkon 2018 an ƙayyade wa kowane mazaunin birnin Kef Tawun lita 50 kacal a rana, an kuma haramta wanke mota da ruwan sha. A irin wannan yanayi ne kasuwar feshin ta bunƙasa. Abin lura shi ne, waɗannan birane ne masu shimfiɗaɗɗun titunan kwalta, inda dattin da mota ke kwasowa a rana bai taka kara ya karya ba.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a fahimci yadda fentin motar zamani yake. A masana'anta ana shimfiɗa shi ne hawa-hawa: akwai shafen farko mai hana tsatsa, sai shafe na biyu mai daidaita jiki, sai launi, sannan a rufe da wani shafe garai-garai marar launi, wanda shi ne ke ba da sheƙi yana kuma kare launin daga zafin rana. Kaurin wannan shafe na sama bai wuce kashi ɗaya cikin 20 na milimita ba, wato bai kai kaurin takardar rubutu ba. Duk wani karce da aka yi, a kansa yake sauka. Ana iya ɓatar da ƙananan karce ta hanyar gogewa da inji, amma kowace gogewa tana cinye wani ɓangare na shafen, kuma idan ya ƙare ba ya tsirowa, sai dai a sake fenti.

Shi kuwa ruwan feshin, duk da sunan da aka laƙaba masa, mafi yawan abin da ke cikin kwalbar ruwa ne. An haɗa shi da sinadarai masu kama da na sabulu waɗanda ke saki datti daga jikin mota, da wasu masu santsi waɗanda ke lulluɓe ƙwayoyin ƙura domin su zame a kan fenti maimakon su karce shi. Wasu kamfanoni kan ƙara kakin wani nau'in giginya da ke fitowa a Barazil, ko kuma sinadarin silikon, domin ƙarin sheƙi. Idan kayan na ƙwarai ne, babu abin da ke cikinsu da zai cinye fentin da ya bushe ya ƙeƙashe tun daga masana'anta. Haɗarin yana tattare da abin da ke kwance a jikin motar, da kuma tsumman da za a ja a kansa.

A nan ne yanayin ƙasar nan ya bambanta da na wuraren da aka ambata. Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda masana ke ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, ta baza ta har gaɓar teku. Ga kuma jar ƙasa da yashin hanyoyin da ba a shimfiɗa wa kwalta ba, sannan da damina ga taɓo. Babban abin da ke cikin yashi shi ne ma'adinin kwaz, wanda ke mataki na 7 a ma'aunin taurin duwatsu mai matakai 10 da Bajamushen masani Friedrich Mohs ya tsara a 1812. Gilashin taga ma bai kai mataki na 6 ba. Abin da zai iya karce gilashi kuwa, ba sai an faɗi abin da zai yi wa fenti ba.

Amfanin ruwa mai yawa a wankin mota shi ne ya kwashe wannan yashi ya zubar da shi ƙasa tun kafin hannu ya taɓa jikin motar. Feshi ba ya iya yin haka, domin duk dattin da ya saki, a cikin tsumma yake taruwa. Muddin dattin ɗan kaɗan ne, irin ƙurar kwana ɗaya ko biyu a motar da ke bin kwalta, santsin sinadarin ya isa ya kare fenti. Amma idan motar ta dawo daga tafiyar ƙauye, ko ta yi mako a waje cikin hazo har yara suna rubutu da yatsa a gilashinta, to, yashin ya fi ƙarfin santsin, kuma tsumman ya zama tamkar takardar yashi ta kafinta. Ɓarnar ba ta bayyana a ranar farko, domin kakin da ke cikin feshin yakan cike karcen ya ɓoye shi. Sai bayan watanni mai mota zai ga sirarun zane kamar saƙar gizo-gizo idan rana ta haska, musamman a baƙar mota ko mai launi mai duhu.

Ko da dattin kaɗan ne, aikin yana da ƙa'idojinsa. Ana yin sa ne a inuwa bayan jikin mota ya huce, domin a zafin rana sinadarin yakan bushe kafin a kai ga gogewa. Ana amfani da tawul na musamman mai laushi, wanda aka saƙa da zare siriri ƙwarai domin ya haɗiye ƙura a cikinsa, ba tsohuwar singileti ko yankin atamfa ba. Ana ninka tawul ɗin gida huɗu, a fesa sinadari a wadace, a ja hannu sau ɗaya ta fuska guda ba tare da dannawa ba, sannan a juya zuwa gefe mai tsabta. Ana farawa daga rufi a gangaro ƙasa, a ware tawul daban domin ƙafafu. Ƙaramar mota guda takan ci tawul da dama. Wanda ya yi rowar feshi ko ya zagaye mota da tawul ɗaya, ya sani cewa araha ba ta ado.

Akwai kuma wasu matsalolin da suka shafi kasuwar cikin gida. Da yawa daga cikin motocin da ke kan hanyoyin ƙasar nan an sake musu fenti a gareji, kuma sabon fenti yana buƙatar makonni kafin ya gama ƙeƙashewa, a lokacin kuwa ba a son a ɗora masa kaki. Masu fentin mota ma sun san cewa ragowar silikon yana hana sabon fenti kwanciya, sai ya riƙa fitar da ƙananan ramuka. Bugu da ƙari, feshi ba ya kaiwa ƙarƙashin mota da kewayen ƙafafu, inda laka ke maƙalewa tana riƙe danshi har tsatsa ta kama, abin da ya fi tsanani a garuruwan gaɓar teku masu iskar gishiri kamar Legas. Sai kuma babbar barazana ta jabun kaya, inda za a iya ɗura kowane irin haɗi a kwalba mai kyan gani a sayar wa wanda bai sani ba.

Adalci kuwa ya wajabta a faɗi cewa wankin da aka saba da shi ma ba tsira ya yi ba. A wuraren wankin mota da dama, bokiti ɗaya ne da soso ɗaya ke zagaye motoci, soson ya faɗi ƙasa a ɗauka a ci gaba da aiki. Garin sabulun wanki da ake zubawa yana cire kakin da ke kare fenti, ruwan wasu rijiyoyin burtsatse kuma yana barin farin tabo idan ya bushe a rana. Mafi muni duka ita ce al'adar direbobi ta kakkaɓe mota da busasshen tsumma kowace safiya, wadda ita ce tsantsar goga yashi a kan fenti. A wannan gurbi ne feshin ya fi dacewa. Idan ya maye gurbin busasshen tsumman direba, an samu ci gaba na haƙiƙa. Idan kuwa aka ce ya maye gurbin bokiti baki ɗaya, an ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba.

Ta fuskar tattalin arziki, ribar ruwan da ake samu gaskiya ce. Wanki da tiyo yakan lashe fiye da lita 100, wato sama da jarka huɗu masu cin lita 25, yayin da feshi bai cika kaiwa lita guda ba. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin tayar da janareta domin jawo ruwan burtsatse ya ƙaru, don haka masu wuraren wanki suna da dalilin neman sauƙi. To amma lissafin bai cika ba sai an haɗa da kuɗin kwalbar, wadda galibi daga waje ake shigo da ita da kuɗin musaya, da kuɗin tawul, da ruwan da za a wanke tawul ɗin da shi, uwa uba da kuɗin sake fenti idan aka yi kuskure. Matasan da ke cin abinci a sana'ar wankin mota za su iya ƙara wannan a cikin ayyukansu, musamman a harabar ofisoshi da manyan kantuna inda ba a yarda a zubar da ruwa ba, muddin sun samu horo.

Saboda haka akwai aiki a gaban hukumomi. Ya dace Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, da hukumar NAFDAC, wadda tun kafuwarta a 1993 aka ɗora wa alhakin sa ido a kan sinadarai da sabulai, su tabbatar da cewa kowace kwalba tana ɗauke da sunan kamfani da bayanin abin da ke cikinta, tare da gargaɗi a fili cewa ba a amfani da ita a kan yashi ko taɓo. Zai yi kyau a rubuta wannan gargaɗi da Hausa da Yarabanci da Ibo, tun da direbobi da yaran wanki ne ke riƙe kwalbar, ba masu motar ba. Tallan da ke cewa an yi ban kwana da ruwa har abada kuwa, yaudarar masu saye ne, kuma ya cancanci a tsawatar a kansa. Bankuna da ma'aikatu da kamfanonin sufuri masu tarin motoci su ma su gwada a kan motoci kaɗan na wasu watanni kafin su ba da kwangila.

Ga mai mota, ma'aunin mai sauƙi ne kuma ba ya buƙatar ko sisi. Ya shafa yatsa a hankali a jikin motar: idan ƙura ce mai laushi kamar hoda, feshi mai inganci da tawul mai tsabta sun wadatar, idan kuwa ya ji gurzar yashi, to, a fara kwarara ruwa a kwashe shi tukuna. Hausawa sun ce ruwa abokin aiki, kuma a ƙasar da hunturu ke ziyarta kowace shekara, kwalbar feshi za ta iya rage yawan zuwa wurin wanki, amma ba ta isa ta raba mota da bokiti ba.