Yaro ya ce jitarsa ta yi masa kaɗan: me za ki duba kafin ki fitar da kuɗi?

 Yau za mu ɗan kauce daga zancen zazzaɓi da abincin yara, saboda tambayar da wata 'yar'uwa ta ajiye mana. Ɗanta mai shekara 15 ya fi shekara guda yana koyon jita mai amfani da lantarki, irin mai arahar nan da ake sayarwa haɗe da ƙaramar amfilifaya a kwali ɗaya. Yanzu ya dame ta a kan sai an saya masa wata, ita kuma tana so ta san ko buƙata ce ta gaske ko kwaɗayin yara ne kawai.

Ko za a yi kiɗa a gida ko ba za a yi ba, wannan shawara ce tsakaninki da maigida. Ina magana ne da waɗanda suka riga suka amince, yaron ko yarinyar suna kaɗawa a makaranta ko a coci ko a ɗaki, kuma hannu ya fara faɗawa.

Kafin a je kasuwa, a fara bincikar tsohuwar. Sau da yawa ba lalacewa ta yi ba, saiti ne ya kwance. Ki ce ya kawo miki ita. A wuyan jita akwai ƙananan ƙarafa a gicciye da suka raba shi gaɓa-gaɓa. Ki ƙirga zuwa ƙarfe na 12, ki zura katin ATM tsakaninsa da tsirkiya mafi kauri. Kaurin kati ɗaya bai kai milimita 1 ba, tazarar da ake so kuma wajen milimita 2 ce. Idan kati 3 a haɗe suka shige har da sauran fili, tsirkiyoyin sun yi sama da yawa, shi ya sa yaro ke matsa su da ƙarfi har yatsu su gaji, ya riƙa cewa jitar ba ta da kyau. Mai gyara zai daidaita ƙarfen da ke cikin wuyan, ya sauke abin da tsirkiyoyi ke hawa a kai, wanda masu goge da garaya ke kira jaki, ya sa sababbin tsirkiyoyi. Kuɗin wannan aiki bai kama ƙafar kuɗin sabuwar jita ba, kuma yakan ƙara wa tsohuwa shekara guda ko fiye.

Amma akwai inda gyara ba ya kai wa. Idan an saita ta, kafin a gama waƙa ɗaya ta sake kwancewa ko da tsirkiyoyin sababbi ne, ko ƙarafan sun cinye sun yi rami, ko wuyan ya murɗe, to yaron yana da gaskiya. Mai koyo da kunnensa ya fara buɗewa yana jin sautin da ya karkace, kuma idan kullum abin da ya kaɗa daidai yana fitowa ba daidai ba, zai ɗauka laifinsa ne, daga nan sai sanyin gwiwa.

To idan sayen ya zama dole, tarkon farko shi ne sunan da aka rubuta a kan jitar. Yara sun san suna biyu, Fender da Gibson, domin su suke gani a hannun manyan makaɗa a YouTube. Ta gaske ƙirar Amurka daga kowanne cikinsu ta haura dala 1,000 tana sabuwa. Saboda haka idan mai shago ya miƙo miki "Gibson" sabuwa fil a kuɗin matsakaiciyar wayar hannu, jabu ce, kada ki tsaya ciniki. Kamfanonin biyu suna da ƙannensu na halak da aka yi domin masu ƙaramin ƙarfi: Squier na Fender ne, Epiphone kuma yana hannun Gibson tun 1957. Squier ta gaskiya ta fi Fender ta ƙarya nesa ba kusa ba, ko da yaro zai ɗan ɓata rai a ranar farko.

Tarko na biyu ya fi na farko wayo, shi ne a kashe kuɗi a sayo abin da kusan daidai yake da wanda ake da shi. Squier tana da matakai. Akwai Sonic, wanda ya gaji Bullet, sai Affinity, sai Classic Vibe. Wanda ke riƙe da Bullet ya koma Affinity ya ɗan matsa gaba, amma ba tazarar da za ta hana shi dawo miki da wannan kukan baɗi ba. Haka Yamaha Pacifica 012, jita ce mai kyau ga wanda zai fara, sai dai ba ita ce mataki na gaba ba. Gara a jinkirta wata 3 ko 4 a ƙara tari, a tsallaka sau ɗaya.

Da za a ce in zaɓi guda ɗaya, Yamaha Pacifica 112V zan nuna. Ki duba farashinta a Amurka, sai ki lissafa da canjin ranar ki ƙara kuɗin shigowa da ribar mai shago, ki san inda ciniki ya kamata ya tsaya. Dalilina na farko shi ne aikin Yamaha ba ya cika bambanta daga wannan jita zuwa waccan, kuma wannan babban abu ne ga uwar da ba za ta iya gwada guda 10 ta zaɓi ɗaya ba. Dalili na biyu yana buƙatar ɗan bayani.

A ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya, shi ke ɗaukar motsin tsirkiya ya mai da shi sauti. Masu shago suna ce masa fikof. Iri biyu ne. Mai naɗi ɗaya siriri ne, sautinsa garau, mai kaifi. Shi ne sautin da kunnenmu ya saba da shi a kiɗan jitar Agadas. Mdou Moctar, ɗan Nijar ɗin nan da ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, Stratocaster yake kaɗawa, ita kuwa an san ta ne da irin wannan fikof. Matsalarsa ɗaya: yana kwaso gurnanin wutar lantarki, wani "huuu" da ba ya yankewa, kuma a gidan da wayoyin wuta ba su da kyau ko ana kan janareta abin yakan ƙaru. Mai naɗi biyu faffaɗa ne, an ƙirƙiro shi ne musamman domin ya kashe wannan gurnani, sautinsa kuma ya fi kauri. Pacifica 112V tana da siririn guda 2 da faffaɗan guda 1. Yaron da bai gama sanin irin kiɗan da zai tsaya a kai ba yana da duka biyun a jita ɗaya, in wuta ta yi gurnani ya koma kan faffaɗan.

Idan aljihu ya ɗan fi haka nauyi, kuma yaron ya riga ya san sautin Stratocaster ko Telecaster yake so, Squier Classic Vibe ce, ta haura dala 400. Cort ma, kamfanin Koriya ta Kudu, yana yin masu kyau a wannan farashi, kada rashin sanin sunan ya sa ki raina ta.

Epiphone Les Paul fa? Kyakkyawa ce, sautinta mai kauri, kuma tsawon tsirkiyarta inci 24.75 ne maimakon 25.5 na Yamaha da yawancin Squier, don haka gaɓoɓin sun ɗan fi kusa da juna, abin da ke taimakon mai gajerun yatsu. Amma tana da nauyi, takan kai kilo 4 ko fiye. Ki ɗauka an rataya wa siririyar yarinya 'yar shekara 13 jariri sabon haihuwa mai ƙiba a kafaɗa ɗaya, ta tsaya da shi awa guda. In dai ita ake so, a rataya ta a tsaya minti 10 a shagon, kuma a sayi maratayi mai faɗi.

Abu ɗaya da zan ce a guje masa kai tsaye shi ne jita mai jaki irin na Floyd Rose, wanda ake kulle tsirkiyoyi da ƙananan kusoshi. Yana burge samari, amma tsirkiya ɗaya ta tsinke duk sauran sun kwance, canza su kuma aikin yini ne ga wanda bai saba ba. In kuma yaronki bahago ne kuma da hagu ya koya, kamar Mdou Moctar, ki faɗa tun farko, domin jitar hagu ba ta da yawa a shaguna, sau da yawa sai an yi oda.

Ta hannu ba abin kunya ba ce, a nan ma ake samun rabo. Sharaɗin kawai shi ne kada a biya kafin a taɓa. Hoto a Jiji ko Facebook ba ya nuna murɗaɗɗen wuya. Ki tafi da yaron, in da hali har da malaminsa ko wani babba da ya iya kaɗawa. A jona ta da amfilifaya, a murɗa kowane maɓalli a ji ko yana ƙarar ƙwarya-ƙwarya, a girgiza wayar a bakin ramin a ji ko sauti na yankewa. A danna kowace gaɓa tun daga sama har ƙasa. Sannan a buɗe manhajar saita jita a waya, kyauta ake sauke ta: a kaɗa tsirkiya a sake, a kuma danna ta a gaɓa ta 12, harafin da manhajar ta nuna ya zama ɗaya, allurar kuma ta tsaya kusa da tsakiya. Ke kuma ga naki aikin da ba ya buƙatar sanin kiɗa: ki shafa gefen wuyan da yatsa. In ƙarafan suna kartar ki, itacen ya bushe ya tsuke. Wannan aikin hunturu ne, kuma zai iya samun sabuwa ma bayan ta shigo Arewa daga Legas. Mai gyara yana goge bakin ƙarafan, amma a rage miki kuɗin aikin. A gida kuma a riƙa mayar da ita jakarta, kada a jingine ta jikin taga ko a bar ta a but ɗin mota da rana.

Kada ki zuba duk kuɗin a kan jitar. Ki ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu domin saitin farko, da tsirkiyoyi na ajiya, da waya mai kyau, da jaka. In tsirkiyoyin da ke kai suna yi masa tauri, a nemi masu lamba 9 zuwa 42, sun fi laushi.

Yanzu bari in sa farar rigata, domin wannan ɓangaren ya fi damuna fiye da sunan kamfani. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da wayar ƙasa ta amfilifaya. Idan amfilifayar ta samu matsala kuma babu wayar ƙasa, wutar jikin mai kaɗawa za ta bi. Ba tatsuniya ba ce: Keith Relf, mawaƙin ƙungiyar Yardbirds ta Ingila, haka ya rasu a gidansa a 1976, yana kaɗa jitar da kayan wutarta ba su da wayar ƙasa mai kyau. Mu kuwa mun saba karya ƙafa ta uku ta filogi, ko mu cusa tsirarar waya a soket da tsinken ashana. Kada a yi wa amfilifaya haka. Kada ya kaɗa ba takalmi a kan siminti mai danshi. In ya ce yana jin tsirkiya tana ɗan cizonsa, ko makirufo ya ja shi a leɓe, a kashe a kira mai gyaran wuta a ranar, ba gobe ba. Sannan ki duba bayan duk amfilifayar da aka kawo ta hannu: ta Amurka wutar 120 take sha, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce, in aka jona ta kai tsaye ba na'urar rage wuta, ta ƙone nan take. Ƙaramar amfilifaya mai batir ko mai caji ta raba ki da yawancin wannan fargaba, ga shi ba ruwanta da ɗauke wuta.

Sai kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron ƙara mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da illa ba, yaro kuma desibel 75. Da an kai 90, lokacin ya dawo awa 4 kacal a mako. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Abin da ya sa nake jan hankali shi ne mu iyaye mu ne muke cewa "sa abin kunne ka daina damun mu", daga nan kuma ba mu san iya ƙarar da yake zuba wa kansa ba. In kina tsaye kusa da shi kina jin abin da ke fita daga abin kunnen, ko sai kin ɗaga murya kafin ya ji ki, ya yi yawa. In ya ce kunnensa na yin "ziii" bayan ya gama, gargaɗi ne, a rage, in ya wuce kwana guda bai daina ba a je asibiti.

Kantar da ke fitowa a kan yatsu ba ciwo ba ce, kowane mai kaɗa jita yana da ita. Wanda ba a so shi ne zafi a wuyan hannu, ko yatsu su riƙa dauɗewa kamar an ɗaure su. Yawanci daga rataya jita can ƙasa ne irin na 'yan gayu, ko daga tsirkiya mai tsayi da muka yi magana a kai. A ɗaga maratayin, a riƙa hutawa bayan kowane rabin awa, in bai sauka cikin mako biyu ba a ga likita. Wasu kuma fatarsu ba ta shiri da sinadarin nikel da ke jikin yawancin tsirkiyoyi, sai yatsu su yi ja da ƙaiƙayi. A gwada na bakin ƙarfe marar tsatsa, in bai lafa ba a nuna wa likitan fata.

Tsohuwar kuma kada a yar. In gyara zai kama ta, a sayar a cika kuɗin sabuwar, ko a ajiye wa ƙanwarsa da ke leƙe tun tuni. Wadda ta san mai gyaran jita na kirki a garinsu, ta rubuta mana sunan unguwar a ƙasa, domin shi ne abin da ya fi wuyar samu a yawancin garuruwanmu.