Ba Son Jiki Ba Ne, Ƙwaƙwalwa Ce Ta Ji Ciwo

Wai me ke damunmu ne? Mutum ya sha da ƙyar daga shanyewar ɓarin jiki, ƙafa ta fara takawa, baki ya fara miƙewa, sai mu kuma mu ɗaura ɗamarar tuhumarsa da lalaci. "Baba ya saki jiki." "Inna ba ta son warkewa." A Angwan Iya da ke Keffi na ji wannan magana har na ƙoshi, kuma na san kai ma ka ji ta, in ma ba daga bakinka ta fito ba.

Dattijon da a da shi ke tashin layi sallar asuba, ga shi yanzu kan tabarma a zaure, kununsa ya huce, ƙuda na yawo a bakin kofi bai kore shi ba. Jika ya hau cinyarsa, ko kallo. "Baba, ina ke ciwo?" Babu. Ransa ne a ɓace? A'a. Ba kuka, ba fushi, ba marmarin komai. Nan take dangi sun yanke hukunci: ko son jiki, ko sammu. Sai a turnuƙe ɗakin mai hawan jini da hayaƙi, a sayar da akuya a kai wa mai magani, alhali Asibitin Tarayya yana nan cikin Keffi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya!

Likitoci sun daɗe da sanin wannan mutuwar zuciya. Kusan mutum ɗaya cikin uku da suka tsira daga shanyewar ɓarin jiki suna faɗawa cikinta. Jini ya toshe ko jijiya ta fashe, sai hanyoyin da suka haɗa gaban ƙwaƙwalwa da can cikinta su lalace, kuma ta nan ne niyya ke zama aiki. Ya ji an ce ya tashi, ya san ya kamata ya tashi, abin da zai tunkuɗa shi ne babu. Kuma daban take da ciwon damuwa, shi ya sa maganin damuwa ba lallai ya taɓa ta ba.

Ga kuma batun kumburi, ba irin na ƙafa da ido ke gani ba, na cikin jini. Bayan ƙwaƙwalwa ta ji rauni, garkuwar jiki takan tashi haiƙan, sinadarai irin su IL-6 su yawaita, hanta ta riƙa zubo wani da ake kira CRP. Wasu bincike sun ga alaƙa tsakanin hawan waɗannan da mutuwar zuciyar da ke biyo baya, kuma ana zargin kumburin da taɓa dofamin, sinadarin da ke sa mutum himma. Alaƙa ce, ba hukunci ba, don ko zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga CRP, mu kuwa da sauro sai Allah. Amma masana na can suna auna jini don su gane dalilin shirun Baba, mu muna nan muna masa tsawa kamar yaro.

Abin takaici ma, tun farko mu muka yi sake. Binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Ghana, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki a wajenmu yana da nasaba da hawan jini. Awon hawan jinin nan kuwa bai kai minti biyar ba! Amma kuɗin anko ba ya gagararmu.

Sai munafuncin dubiya. Makon farko gida cike, lemo da ayaba, "Allah Ya sa kaffara ne", har da hoto a WhatsApp. Wata ɗaya, tsit. An bar matarsa ita kaɗai da wanka, da juyi, da lallashin ya ɗaga hannu sau goma kamar yadda likitan gashin ƙashi ya ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar komawa asibiti a auna jini, a duba ƙafa, amma ba wanda zai buɗe baki ya ce, "Likita, mutumin nan fa ya daina son komai," wai kada a tona asirin gida. Sannan ƙanin miji ya leƙo daga Abuja ranar Asabar, ya tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, ya ce ai ita ce ba ta kula da shi.