Neman Izini Ba Bara Ba Ne

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, wata gardama ce da ta kaure a teburin mai shayi a Palladan ta sa na ɗauki alƙalami. Wasu abokaina masu karatun kwamfuta a Samaru sun ƙudura ƙirƙiro wasan bidiyo daga littafin Magana Jari Ce: mai wasa ya zama Aku, ya riƙa tsare Musa ɗan Sarki da labarai don kada ya fita. Na yaba, sa'an nan na tambaya ko sun nemi izinin masu haƙƙin littafin. Sai aka yi mini ca, wai al'adarmu ce, wa ke neman izinin shiga gidan ubansa?

To, bari mu warware zare da abawa. Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, tana kare littafi har shekara 70 bayan shekarar rasuwar marubucinsa. Ke nan Magana Jari Ce na da mai shi har ƙarshen 2051, kuma juya littafi ya koma fim ko wasa na cikin abubuwan da mai haƙƙi kaɗai ke da ikon yarda da su. Karanta shi da muka yi a firamare bai mai da mu magada ba.

Abokaina suka ce ai Turawa ma ba su tambayi kowa ba. Gaskiya ne, a 2021 an sa Hausawa da Sarauniya Amina cikin wasan Age of Empires III, a 2025 kuma kamfanin Firaxis na Amurka ya sa ta cikin shugabannin Civilization VII. Abin da ciwo, a ce jarumar Zazzau sai mun biya dala kafin mu gan ta a allo, alhali ga ganuwar Zariya muna wucewa kullum. Amma tarihi ba shi da marubuci guda, shi ya sa ƙofarsa ke buɗe ga kowa. Wa ya hana mu shiga tun farko? Lalacinmu ne. Yanzu don haushin baƙo sai mu huce a kan gumin namu?

Suka ce Imam shi ma aro ya yi daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai. Haka ne, kuma rijiyar da ya ɗiba tana nan, kowa ya zura gugansa. Amma Wazirin Aku, da tsarin labaran, da Hausar nan mai zaƙi, aikinsa ne. Su ne kuwa abokaina ke so, domin su za su jawo masu saye.

Ku dubi yadda masu kwafar faifai suka tsotse 'yan fim na Kano. Dokar da muke raina yau ita ce ke kare manhajar kwamfuta. Ranar da wani ya kwafe wasanku ya baza a kasuwar Sabon Gari, da wane baki za ku kai ƙara Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka?

Hanyar ba ta da nisa. Kamfanin NNPC da ke buga littafin a nan Zariya yake. A rubuta masa takarda, a tuntuɓi magadan marubucin, a gano a hannun wa haƙƙin juyawa yake. A bayyana irin wasan, da labaran da za a ɗauka, da tsawon lokacin izinin, da ƙasashen da za a sayar, da kason da za a biya, da abin da aka yarda a sauya. A yi shi a rubuce kafin a zana ko fiffiken Aku, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Su ma masu riƙe da haƙƙin littattafanmu ina da roƙo gare su: in ɗalibi ya zo da takarda, a saurare shi, a yanka masa farashin da aljihunsa zai ɗauka. Yaran yau a waya suke, littafin da bai bi su can ba ƙura za ta ci shi.

In an ba ku izini, madalla. In an hana, ga Amina, ga Bayajida, ga Daura da rijiyar Kusugu suna jiran mai himma. Allah ya sa mu gane, amin.